Keken Mai Agogo Ya Riga Mu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ƙarafan asibiti, Mai Agogo na bakin kasuwa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa, wanda ya cika da sanyin safiya a gangaren bayan gidan ruwa, bayan doguwar jinya da babu wanda ya san da ita a gidan sai mai shi. Ya rasu yana bakin aiki, da mutum a bayansa, kuma cikin sabbin kaya. A yi haƙuri da jinkirin sanarwar. Mai ita sai yanzu ya iya zama a kan kujera.

Marigayin ba yaro ba ne. Tun Mai Agogo yana saurayi ya saye shi a hannun wani ɗan tseren keke da gwiwa ta hana shi sana'a. Dogo ne, siriri, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba. A kansa aka yi neman aure, a kansa aka yi ta jigilar agogunan bango zuwa gidajen masu su. Da kasuwa ta buɗe aka sayi babur, sai aka rataye shi a ɗakin ajiya, tsakanin tsohuwar katifa da fankar da ta daina juyawa. Ya fi shekara ashirin a nan, gizo-gizo yana saƙa a ƙafafunsa, bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

A duk tsawon shekarun nan Mai Agogo yana zaune. Sana'ar ta gaji haka: teburi, fitila, gilashin ido ɗaya, da 'yan kusoshin da numfashi mai ƙarfi yake iya ɓatarwa. Ciki ya yi ta gaba har ya fara ture teburin, ana ja da kujera baya kaɗan-kaɗan. Ɗaurin takalmi ya zama aikin da ake hutawa a tsakiyarsa. Ana cikin haka yayansa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da muryarsa take cika gida ya koma sai an juya shi, sai an ba shi abinci da cokali, rabi yana zubowa ta gefen baki. Ba a daɗe ba Mai Agogo ya je asibiti da ciwon kai. Likitar, wata yarinya sa'ar 'yarsa, ta auna shi, ta sake aunawa, ta ɗauko wani abin awon ta ƙara.

Ta ce, "Baba, hawan jininka ya kai inda ba a wasa da shi, ga suga yana leƙowa. Magani zan ba ka, amma magani ba zai tashe ka daga kujera ba. In ba ka motsa jikin nan ba, hanyar yayanka ka kama."

Ya ji tsoro, irin tsoron da babban mutum ba ya faɗa wa iyalinsa. Da ya koma gida ya wuce ɗakin ajiya ya sauko da marigayin.

Mai gyaran keke ya sake masa tayoyi da igiyar birki, ya wanke sarƙa ya sa mata mai. Wajen goge tsatsa ne ya ga wata 'yar tsaga a ƙarƙashin wuyan keken, inda ƙarfen gangar jiki ya haɗu da na gaba. Siririya ce kamar silin gashi. Ya ce, "Maigida, wannan ƙarfen ba ya son walda, wuta za ta ƙara cinye shi. Zai iya kai ka shekaru a haka. Amma ka riƙa dubawa kullum. Ran da ka ga ta ƙara tsawo, ka sauka, kada ka sake hawa."

Duba ƙaramin abu kuwa shi ne abincin Mai Agogo. Ya sa tsinken aikinsa ya yi wa tsagar alama a farko da ƙarshe. Kowace safiya, kafin ya ɗora ƙafa a feda, sai ya durƙusa da gilashinsa ya gaishe ta. Bai gaya wa maiɗakinsa ba, don dama ba da son ranta ake hawan ba. Ranar farko ma cewa ta yi, "Baban yara, da girmanka da furfurarka? Mutane za su ce karayar arziki ka yi." Da ta ji labarin tsaga, da keken bai kwana a gidan ba.

Za a daɗe ana tuna haƙurin marigayin. Fitar farko ba ta wuce kwanar layi ba. Mai Agogo ya sauka ya zauna a dakalin wani shago yana haki, idonsa yana ganin duhu, har mai shagon ya kawo masa ruwa yana tambayar wa za a kira. Marigayin ya jingina da bango ya jira. Hawan bayan gidan ruwa kuwa, watannin farko turo shi ake yi, kuma bai taɓa gaya wa kowa wane ne ya kai wani sama ba. Ba ya shan mai, ba ya ƙin tashi da safe, ba ya tambayar inda za a. Sirdinsa dai ba shi da tausayi ko kaɗan, wannan iyalan ba za su ɓoye ba, amma wa ya rasa aibi?

Ba mai yawan magana ba ne. In hanya ta miƙe, sai ka ji sarƙarsa tana "sir-sir-sir" a hankali. In aka saki feda a gangare, ƙafar baya ta kama "tik-tik-tik" ɗinta, wanda Mai Agogo ya ce ya fi na agoguna da yawa daidaito. Birkinsa ne kawai mai ɗaga murya, "ƙiii", shi ma sai an matsa masa.

Da wannan 'yar muryar ya yi aikin da ya yi. Wata safiya aka wayi gari Mai Agogo a saman hawan, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ya huda wa bel ɗinsa sabon rami, daga baya ya ƙara wani. Likita ta auna shi sau ɗaya tak, ta yi murmushi, ta rage masa ƙwaya guda. Abin da ya fi faranta masa rai kuwa ba a asibiti ya faru ba. Ya je gaida yayansa ya tarar ana jiran a sami mutum biyu da za su ɗaga shi a sake zanin gado. Ya sunkuya ya ɗauke shi shi kaɗai. Yayan ya dube shi da idon da yake iya buɗewa sosai, hawaye ya gangaro masa. A hanyar komawa Mai Agogo ya yi ta shafa kan keken kamar wanda ba shi da hankali.

Ciwon ajalin marigayin ya zo ne ta hanyar alheri. Babbar 'yar Mai Agogo ba ta son ganin ubanta a kan abu mai tsatsa, abin yana ci mata rai. Mijinta kuwa mai fentin motoci ne, yaron kirki, mai kunya, wanda tun da ya auri 'yar bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Da aka kwantar da yayan a asibiti Mai Agogo ya tafi jinya, sai suka ɗauke keken a ɓoye. Ran da ya dawo ya tarar da shi a tsakar gida, shuɗi, yana sheƙi, mutanen gida sun kewaye shi suna jiran su ga fuskarsa.

Surukin ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ɗan abin da hannu ya iya ne. Na ma ga wata 'yar tsaga a wuyan, na cike ta na goge na bi da fenti. Yanzu ko alamarta babu."

A sana'arsa wannan shi ne aiki mai kyau, haka ake yi wa jikin mota kowa ya yaba. Mai Agogo ya dubi wurin, babu tsaga babu alamun da ya yi mata. Ga maiɗakinsa a tsaye tana murna, ga 'yarsa tana kallon mijinta da alfahari. In ya buɗe baki, ya tona asirin kansa, ya kuma kunyata suruki a gaban matarsa. Sai ya ce, "Allah ya yi albarka. An gode ƙwarai."

Washegari ya durƙusa da gilashinsa, bai ga komai ba sai idonsa a cikin fenti. Ya ɗauko 'yar wuƙar aiki ya ɗora bakinta a wurin. Sai ya tuna surukin nan yana biyowa ta ƙofar gidan kullum in zai tafi gareji, yana satar kallon aikinsa. Kankare kyautar suruki, ai gara a mare shi. Ya mai da wuƙar aljihu ya ce sai an kwana biyu, in ɗokin ya wuce. Ya gwada barin hawan. Kafin mako ya zagayo ciwon kai ya dawo, ya kwanta yana jin bugun jini a kunnensa, yana ganin gadon yayansa. Tsakanin tsagar da ba ya gani da gadon da yake gani, ya zaɓi ya hau.

A kwanakinsa na ƙarshe marigayin ya yi iya ƙoƙarinsa ya faɗi abin da yake damunsa. Duk lokacin da aka miƙe tsaye a kan feda sai ya ce "ƙit". Mutumin da yake gane ciwon agogo da kunne ba zai ce bai ji ba. Ya ji, ya ce wa ransa sirdi ne ya saki.

Ranar da abin ya faru an hau hawan lafiya, an juyo gangare, iska tana kaɗa riga. Wani ɗan rami ne da suka sha wucewa. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙas". Ƙafar gaba ta tafi da kan keken, sauran ya tafi da Mai Agogo. Direban motar kwashe shara ne ya tsince su, ya kai mutum asibiti, ya kai keke gida a ɓari biyu.

Ƙashin ƙugu ya karye, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Tun kafin maganin barci ya gama sakinsa maiɗakinsa ta riƙe hannunsa tana kuka, ta ce, "Baban yara, ka yi mini alkawari a gaban 'ya'yanka, kai da keke har abada." Ya yi alkawarin. Ita ba ta san abin da ta roƙa ba, shi kuwa ya san abin da ya bayar.

Bayan an sallamo shi, surukin ya zo gaisuwa. Mai Agogo yana hango shi ta taga lokacin da ya tsaya wurin gawar, ya ɗaga ɓarin gaba, ya daɗe yana duban bakin karayar, inda abin da ya cike tsagar da shi ya fito fari a tsakiyar tsatsa. Ya shigo ɗakin ya durƙusa nesa da gado, ya ce, "Baba, ni ne na..."

Mai Agogo ya tare shi. "Tsufa ne. Ƙarfe ma yana gajiya. Tashi ka tafi aiki, rana tana yi."

Don haka abin da iyalan suka sani shi ne tsufa ya kashe marigayin. Wanda ya karanta wannan kuma ya san gidan, a taimaka a tsaya a kan tsufa.

Marigayin ya rasu ya bar famfo guda mai tari, da gwangwanin faci da ba a kai rabinsa ba, da gorar ruwa, da hular kwano wadda ta tsage a wurin amma ta ceci kan da take kai. Ya bar babur, wanda har yau bai nuna alamar damuwa ba. Ya bar mai gyaran keke, da ya zo ya duba wuyan gawar ya girgiza kai ya fita. Ya kuma bar Mai Agogo, wanda a zuwansa asibiti na baya likita ta mayar masa da ƙwayar da ta rage, ta ƙara wata a kai, ba ta yi murmushi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, in mai sayen tsoffin ƙarafa ya iso da kurarsa. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, fentinsa sabo ne. Iyalan sun so a fitar da shi ta ƙofar baya, mai shi ya ce a'a, a biyo da shi ta gaban tagarsa, a hankali. Shi ba zai samu yin rakiya ba, ƙafar ba ta kai nan ba tukuna.

Za a karɓi gaisuwa a falo, inda za a tarar da Mai Agogo a zaune kowane lokaci aka zo. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo abin zaƙi ko mai gishiri, kada kuma su ce Allah ya musanya da wanda ya fi shi, don an riga an yi alkawari. Maiɗakinsa ta fito da manyan wandunansa na da daga akwati, an wanke an goge. Duk wanda ya ga jikinsa ya fara cikowa, don Allah kada ya ce masa ya murmure.