Motar Surukina da Kajin Matata

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka dawo mini da matata daga wankan jego ba. A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Dogarawa, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ni kuma na ɗauka wannan suna ya ba ni ilimin duk abin da ke duniya, har da na cikin mota.

Surukina Alhaji mai motocin haya ne a Birnin Ƙonni. Ya yi shekara talatin yana tuƙi kafin ya zauna, kuma mutum ne da ba ya ɓarnar magana. Ya ba ni 'yarsa Rakiya da zuciya ɗaya, amma bai taɓa yarda hannun da ke riƙe alli zai iya wani aikin kirki ba. Da Rakiya ta yi haihuwar fari a gidansu, sai ya ba ni aron tsohuwar motarsa ta shiga don in riƙa zuwa duba su. Sitiyarinta irin mai aiki da mai ne, yatsa ɗaya ke juya shi. Aibinta guda: akwatin sitiyarin yana yoyo, duk inda ta kwana sai ka tarar da jan mai a ƙasa kamar an yanka zakara.

Da zai miƙo mini makulli ya ce, "Mushe, kullum da sahe ka ƙara mata mai. Kak ka taɓa komi. In anka yi arba'in makanikena shi duba ta."

Na ce, "To, Baba."

Bakina ne ya ce to. Zuciyata kuwa tana kan wani littafin kanikanci na Faransanci da na saya a bakin hanya a Tawa (rabin shafukansa babu, ina zaton mai ƙosai ta riga ni karanta su). Na riga na tsara yadda za a yi: Alhaji zai leƙa ƙarƙashin mota ya ga ƙasa a bushe, ya tambaya, ni kuma in ce, "Ai ɗan abu na, na gyara," ina kallon gefe.

Ranar wata Asabar na sayo sabbin robobin da ke tare mai, na yanko takardar buhun simintin Malbaza don liƙe murfi, yadda na ga makanikai suna yi. Kwance akwatin daga jikin mota ya ci mini safiya ɗungurungum da fatar yatsu biyu. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗora shi, na buɗe littafi a gefe kamar likita zai yi fiɗa. Na kwance murfi, na zaro dogon ƙarfen da ke tsakiya. Sai na ji wata ƙara kamar an zuba wake a faranti.

Ashe cikin akwatin nan akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi, kowane bai wuce ƙwayar wake ba, kuma a kansu sitiyari ke juyawa. Littafina bai faɗa mini ba, shafin yana wurin mai ƙosai. Suka gangaro daga tabarma suka bazu cikin rairayi. Kajin Rakiya guda tara, waɗanda maƙwabciyarmu Inna Kulu ke ba tsaba tun tafiyarta, suka ɗauka Mushe ya yi abin arziki yau, suka rugo a guje. Na kore su da takalmi, na ɗauko rariyar matata, na zauna ina tankaɗe tsakar gida har la'asar. Na tara abin da na samu. Guda nawa ne tun farko? Ban ƙirga ba. Na shafa musu giris na mayar, na gaya wa kaina ai Turawa almubazzarai ne, sun zuba fiye da yadda ake bukata.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne yoyon ya tsaya. Ko ɗigo babu. Kwana uku ina zagaya motar nan hannu a baya kamar ni na ƙera ta. Gaskiya sitiyarin ya fara wani ƙas-ƙas, kuma in ka karya dama yakan cije kafin ya saki, amma na ce sabon gyara ne, sai ya saba.

Ranar arba'in na sha babbar riga na tafi Ƙonni. Da za mu dawo, Alhaji ya shiga gaba. Rakiya da jaririya suna baya tare da Gwaggo Mairi, ƙanwar Alhaji, wadda ta yi mata wankan jego. Muna cikin tafiya lafiya, sai a wata kwana sitiyari ya cije. Mota ta nufi wani amalanken jaki kai tsaye, na ja da duk ƙarfina, ya saki, muka wuce jakin da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Alhaji ya dubi sitiyari, ya dube ni.

Na ce, "Hanyag ga ta lalace, Baba."

Kwalta ce sumul, ko rami ɗaya babu. Ya ce, "Ƙwarai," bai ƙara ba.

Da muka isa gida na yanka kaji biyu don baƙi. Gwaggo Mairi ta karɓa tana gyarawa, Inna Kulu tana hura mata wuta. Ni da Alhaji muna ƙofar gida, shi a kan tabarma, ni a tsugune can gefe yadda suruki ya kamata. Sai muka ji salati daga ciki. Gwaggo ta fito da ƙwarya a hannu, maƙwabta na biye da ita. Cikin ƙwaryar akwai ƙundun kaji biyu a tsage, da ƙwallayen ƙarfe huɗu suna ƙyalli.

Ta ce, "Yaya, duba abin da nis samu cikin kajin gidanga. Ƙarhe cikin ƙundu. Wanga sammu na, an yi ma yarinya da ɗiyatta. Wa ka ba kajin ga abinci?"

Duk ido ya koma kan Inna Kulu. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ba ta da kowa a garin sai mutuncinta. Ta fara rantsuwa. Gwaggo ba ta saurare ta ba, ta juya ta ce, "Rakiya, goya ɗiyakki. Ƙonni za mu koma, ba ki kwana nan." Na ga matata ta ɗauki zane tana goyo tana kallona, kwana arba'in ina jiran dawowarta.

Alhaji ya ɗauki ƙwallo ɗaya, ya murza shi a tafin hannu, ya sansana. Mutumin da ya yi shekara talatin cikin mota ba ya bukatar boka ya gaya masa ko mene ne. Na jira ya cece ni, ya ce wa ƙanwarsa ta bar zancen. Ina. Sai ya miƙa hannu ya ajiye ƙwallon a ƙasa, daidai gabana, ya koma jan carbinsa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi: na yi kusan minti guda ina lissafin ko in yi shiru tsohuwa ta ɗauki laifin (ni ne fa mai rubuta darasin kyawawan halaye a allo kowace safiya). Sai Inna Kulu ta ce, "Mushe, kai ka san ni. Hwaɗa musu." Nan na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba sammu ba na. Kayan sitiyari na. Ni nib buɗe akwatin, sunka zube, kaji sunka tsince."

Gwaggo ta dubi ƙwarya, ta dube ni, ta ce, "Kana nuhin motad da munka shigo, rabinta na cikin kaji?" Aka fashe da dariya, har da iyayen yaran ajina.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Guda nawa kah hiddo?"

"Ban ƙirga ba, Baba."

"Nawa kam maida?"

"Waɗanda nis samu."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kuma cikinta kaɗ ɗauko jikata."

Bai ɗaga murya ba, amma dariyar ta mutu nan take. Na tuna jakin nan da amalankensa, na dubi ɗan kan jaririyata a bayan uwarta. Har wannan lokacin ban yi tunanin kowa ba sai kaina da yabon da za a yi mini.

Alhaji ya sa na durƙusa gaban Inna Kulu na roƙi gafararta a gaban jama'a, Gwaggo ma ta roƙa. Sannan ya ce, "Kaji nawa sunka rage?" Na ce bakwai. Ya ce, "Ɗauko wuƙa. Kayana na ciki."

Ranar nan unguwarmu ta ci nama kamar Sallah. An ƙara samun ƙwallaye uku. Alhaji ya ƙulle su duka a hankici, ya karɓi makullinsa, ya bar motar a nan ya tari motar haya zuwa Ƙonni. Washegari makanikensa ya zo ya ja ta da igiya. Rakiya ta zauna, Allah ya saka mata, amma ta yi wata guda duk lokacin da zakaran maƙwabta ya yi cara sai ta dube ni.

Alhaji bai sake ambaton zancen ba har ya bar duniya. Sai dai duk ranar da na je gidansa aka yanka kaza, sai ya aiko mini da ƙundu a kwano daban. Baƙi su yi ta mamaki, ƙundu ai na maigida ne, lallai wannan suruki ɗan gata ne. Ba su jin saƙon da ke biye da kwanon: "A ce ma Mushe shi duba muna, ko da saura."

Tun daga ranar, in abu yana yoyo a gidana, kwano nake tara masa in kira mai sana'ar. In kuwa dole sai na buɗe da kaina, ina fara kulle kaji.