Yadda Na Watsa Adogi

Na manta abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da satina na uku a ofishin wata ƙungiyar manoma a nan Lafiya ba. Madam Ladi, mai kula da fayil-fayil, ta tafi hutu ta bar min makulli. Tsarinta shi ne kowace ƙaramar hukuma da kabad ɗinta, a cikin kabad kowane yanki da durowarsa, a cikin durowa ƙauyuka, a cikin ƙauye gidaje, sannan mutum. Kafin ka kai ga manomi ɗaya sai ka sauka hawa biyar.

Ni da sabuwar difloma a hannu, na ga ai wannan wahalar da kai ce. Na zazzage komai a ƙasa, na jera sunaye bisa abacada, daga A zuwa Z. Kwana huɗu ina yi (har hoto na ɗauka na tura wa matata).

Ran Litinin ruwa ya sauka. Talata da safe motar irin riɗi ta tsaya a ƙofa, Baba Ari, shugaban manoman Adogi, yana zaune a gaba. Oga ya leƙo ya ce, "Ɗauko min fayil ɗin mutanen Adogi, da shi za a raba musu iri, direba yana sauri."

A da, durowa ɗaya za a ja, shi ke nan. Yanzu Musa Adamu kaɗai guda bakwai na samu a jere, ban san wanne ne na Adogi, wanne ne na Keana ba. Ashe sunan gari a jikin durowa yake, ba a jikin fayil ba.

Har azahar ina durƙushe cikin takardu. Direba ya mai da irin sito. Baba Ari ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, ƙasa tana bushewa fa." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Dole aka katse wa Madam Ladi hutu. Ta dubi aikina, ta dafa durowar da ba komai ciki ta ce, "Malam, wannan ba katako ba ne. Ƙauye ne."

Sai bayan kwana biyar iri ya isa Adogi, danshi ya riga ya tafi, suka zauna jiran wani ruwan.

Tun daga nan, in na ga abu a jere hawa-hawa, nakan tambayi dalili kafin in taɓa. Mutanen Adogi kuwa har yau ba su san sunana ba. Malam Abacada suke ce min, ni ma amsawa nake.