Yariman Jemagu Ya Je Neman Izini

Duk garin da ya rasa irin Kuya Idong, ɗan kawuna (Kuya a wurinmu yaya ke nan), to sai dai a yi masa jaje. Mu kam Allah ya rufa mana asiri. Shi ne mai busa usur a tashar babur mai ƙafa uku da ke bakin kasuwa, ko da yake shi Shugaban Sufuri yake kiran kansa. In ya busa, babur ya tashi. In bai busa ba ma babur ya tashi, amma ba da yawunsa ba.

Mutum mai wannan daraja ai ba kowace yarinya ta dace da shi ba, sai Minda, mai jiran kantin tsakiyar unguwa, jikar Lola Saling, wato Kaka Saling. Matsalar ɗaya ce: Minda ba ta ɗaga kai. A lokacin wani littafi mai baƙin bango ya kama 'yan matan garinmu kamar zazzaɓi. Labarin wani saurayi ne mai shan jini, fari fat, da ya kamu da son 'yar makaranta, kullum yana ce mata ta guje shi, ita kuma kullum tana ƙara liƙe masa. Minda kan bayar da gishiri a maimakon sukari saboda shi.

Kuya Idong ya ari littafin. Bai kai rabi ba ya gane sirrin da ya gagari malamai: mace haɗari take so. To shi da yake tsaye a tsakiyar titi tun safe, wa ya fi shi haɗari?

Ranar Litinin sai ga shi a tasha da baƙar kwat har gwiwa, a watan Afrilu, lokacin da kare ma ke neman inuwar kaza. Fuska ta sha hodar jarirai. Hannu ɗaya lema, ɗaya usur. Kafin azahar gumi ya yanka hanyoyi a cikin hodar, fuskar ta koma taswirar koguna. Direbobi suka dubi kwat ɗin kamar fikafikan jemage, suka raɗa masa Yariman Jemagu, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, don a ganinsa sarauta sarauta ce.

"Ku yi dariyarku," in ji shi. "Ku 'yan kwana kaɗan ne a duniya. Ni na ga zamunna."

Zamunnan da ya gani kuwa shekara ashirin da shida ne, uku daga ciki a aji ɗaya ya yi su.

Da yamma ya tsaya a bakin kanti, ya jingina, ya ƙanƙance ido, ya sauke murya can cikin ciki kamar mai ciwon hanji.

"Minda, ki guje ni. Ni ba alheri ba ne gare ki. Akwai ƙishirwa a cikina da ba ta ƙarewa."

"Ga lemo can a firji, Kuya. Matsa, ka tare wa mai sayen sabulu."

Da wani ne, da ya karaya. Shi sai ya ce haka ta cikin littafin ma ta fara. Kullum yana nan yana gargaɗinta da kansa, har ran nan ta gaji ta kife littafin.

"In da gaske kake, ka zo gida ran Lahadi kamar kowane ɗan mutunci. In Lola ta yarda ka riƙa zuwa zance, to. In ta ƙi, ka daina tsaya min a nan kamar sandar wuta."

Kowa ya san Lola Saling sau ɗaya take yanke hukunci. Kowa kuma ya san yayar Minda, Ate Nening, tana gidan da tsohon ciki, an zagaye tagoginta da tafarnuwa saboda aswang, mayun nan masu farautar masu ciki. Kowa, ban da Yarima, wanda madubi ya ɗauke wa hankali duk makon.

Lahadi bayan an taso daga coci ya isa ƙofar gidan, ya ƙwanƙwasa. Ko yaron goye ya san abin da ake faɗa a nan: "Mutum ne, masu gida!" Haka kakanninmu suka bar mana, don na ciki su san ba wani abu ne ya zo a siffar mutane ba. To amma mai sarautar jemagu ya buɗe baki ya kira kansa mutum, a gaban budurwa? Ina! Ya yi gum.

"Wane ne?" in ji Lola daga ciki. "Mutum ne?"

Kuya Idong ya gyara kwalar kwat.

"Wannan tambaya, Lola, na daɗe ina yi wa kaina ita."

Ate Nening ta dafe ciki. Lola ta leƙo, 'yar tsohuwa da ba ta kai masa hammata ba, ta miƙo hannu don ya ɗora a goshi yadda ake gaida manya. Nan ne ƙofar tsira ta ƙarshe. Shi kuwa ya juya hannun, ya kai hanci kan jijiyar, ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Jinin gidan nan," ya ce, "yana da ƙamshi."

Ban taɓa sanin tsohuwa na iya tsalle ba. Kafin ya buɗe ido ta sauko da busasshiyar wutsiyar kifin pagi da ke rataye a bayan ƙofa, bulalar da ake tanada don mayu. Ta farko ta tashi hoda kamar an fasa buhun fulawa. Ta biyu ta raba kwat da hannunta. Ate Nening na watso gishiri ta taga, maƙwabta na buga tukwane, wani na ihu a kira fada daga coci. Yarima ya zagaye bishiyar mangwaro, lema ta tafi gabas, takalmi ya tafi yamma, yana kururuwar da aka ji har tasha:

"Mutum ne! Lola, mutum ne! Idong ne, ɗan Aling Pacing!"

Da ta huce, ta zauna a benci tana fifita da zani. Shi kuma yana durƙushe, rabin fuska fari, rabi kalar da Allah ya ba shi. Minda na bakin ƙofa ta cusa gefen riga a baki, tana danne dariya.

"Haba Lola," in ji wata maƙwabciya, "ba ki gane shi ba ne?"

"Ni na yanke masa cibiya, zan kasa gane shi? Bulalar ce ta daɗe ba ta motsa jiki ba."

Jin haka sai ran Yarima ya dawo. Ya share hanci, ya tattara abin da ya rage na kwat da na girma.

"To, Lola, batun Minda fa?"

Tsohuwa ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta gaggauta ba.

"Da mayen gaske ne kai, da na ce a ba ni lokaci in yi shawara. Maye ko ba komai shi yake nemo abincinsa. Kai har yau uwarka ke zuba maka shinkafa. Tashi ka tafi, kada ta huce."