Ranar da Na Gaida Kwamfuta

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban malamai a Haɗejiya ina kare bincikena ba. Da furfurata na koma karatu, bayan na daɗe ina koyarwa a firamare a Guri. Bincikena a kan ambaliya ne da yadda take cinye wa manoma shinkafa. Idan aka ƙi karɓa, sai in maimaita shekara, 'yata Ummi da ke bayana da aji ɗaya ta tarar da ni mu zauna benci guda. Wannan kam na rantse ba za a yi ba.

Shugaban malaman ya duba aikin ya ce, "Malama, hirarki da manoma ta yi kyau. Amma ina abin da masana suka rubuta? Ga kwamfuta nan, nemo mana a intanet mu gani."

An haɗa ta da majigi, duk abin da na rubuta sai ya fito ɓaro-ɓaro a bango. (Ni fa lokacin ko wayata, kira kawai nake yi da ita.) Na gyara mayafi, na sa yatsa ɗaya na fara:

"Assalamu alaikum. Ina kwana, ya aiki, ya ruwa? Don Allah idan ba damuwa, ina neman..."

Ban kai ƙarshe ba ɗaliban da suka zo kallo suka fashe da dariya. Na daure na danna. Me ya fito? Hotunan furanni masu barka da safiya, da bidiyon koya wa baƙi gaisuwar Hausa. Ambaliya ko ɗigo babu. Wani malami har da cire tabarau yana share hawaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai kunyar ta koma haushi. Na ce, "Malam, a gidanmu ko hanyar kasuwar kifi za ka tambaya, sai ka gaisa. Ita ce ba ta da tarbiyya, ba ni ba."

Shugaban ya danne dariya ya ce, "Gaskiyarki, Malama. Amma ita duk kalmar da kika ba ta, ita take nemowa. Ba ta abin da kike so kawai."

Na goge gaisuwata raina yana sosuwa, na rubuta: ambaliya shinkafa Haɗejiya. Ya ce in sake da Turanci. Sai ga rubuce-rubuce suna zubowa. Ya nuna mini yadda zan duba wanda ya rubuta da shekarar da aka rubuta, kada in kwaso shara. Aka ba ni 'yan makonni, na gyara, aka karɓa. Ummi ba ta tarar da ni ba.

Na dai koyi darasi: na'ura gajeren zance take so, ladabi ɓata mata lissafi yake yi. Amma har yau kafin in taɓa ta sai na yi mata sallama da baki. Ba ta taɓa amsawa ba. Wannan kuma tsakaninta da waɗanda suka raine ta.