Ranar da Na Rubuta Suna a Cikin Hula

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da ta biyo bayan ambaliya ba, wadda ruwa ya shigo Maiduguri ya zauna wa mutane a ɗakuna. Kowa da abin da yake tuna shekarar da shi. Ni dai da hula nake tuna ta.

Wankin hula ne sana'ata, shi ya sa duk unguwarmu ta Hausari Mai Hula ake ce mini. Ina zama a gindin wata bishiyar dogon yaro da baho da buroshi da sitaci, da gumaguman itacen da muke kifa hula a kai ta bushe daidai kan mai ita. Tun ina saurayi haka aka koya mini: duk hular da aka kawo, ka ɗauki allura ka ɗinka mata alama daga ciki. Jan zare ƙulli biyu na wane ne, baƙi ƙulli ɗaya na wane. Da wannan zaren na yi furfura, kuma ban taɓa ba wani hular wani ba.

Muna da ƙungiyar taimakon kai da kai a unguwa. Bayan ruwa ya janye mu muka kwashe laka daga lunguna, muka yashe kwatoci, muka tayar da katangar maƙabarta da ta faɗi, muka kai wa marasa lafiya gidan sauro. Ƙungiyar ce kuma ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren unguwa, tsakanin la'asar da magariba. Na shiga da gemuna da komai. Malama Rifkatu ke koyar da mu, mutuniyar kudancin Borno ce, ta yi ritaya daga koyarwa amma alli ya ƙi barin hannunta. Ban fi kowa kai ba a ajin, na dai fi kowa zama. Harafi ɗaya sai in yi ta maimaita shi har ya gaji ya zauna. Kullum Malama tana ce mana, "Kai yana mantuwa, amma abin da ka rubuta yana nan inda ka bar shi." (Ku riƙe wannan maganar, ita ta kai ni ta baro.)

Sai aka sa ranar taron shekara na ƙungiya, bayan ƙaramar salla. A wurin ake karanta ayyukan da aka yi, a raba kyaututtuka, a ɗauki hoto. Amma na bana ya fi na kullum nauyi. Ruwa ya lalata azuzuwa da yawa, ɗakin da ake ara mana ma ana neman sa, kuma wata Hajiya daga ofishin ilimin manya za ta zo ta gani da idonta ko ajinmu yana da amfani. In ta gamsu a bar mana ɗaki, in ba ta gamsu ba kowa ya koma gida da littafinsa.

Shugabanni suka yi ankon hula, iri ɗaya sak, ruwan madara mai koren aiki. Sabuwar hula kuwa sai an wanke an sa mata sitaci take tsayawa. Na miƙe a mitin na ce wannan gudummawata ce, kyauta. Shugabanmu Alhaji Modu, mutum mai jiki da ƙaton kai da sanƙo mai sheƙi, ya ce, "Madalla, Mai Hula. Amma fa duk kamarsu ɗaya, kar ka ba ni ta Sakatare, kansa kamar goruba."

Na ce, "Alhaji Modu, ai yanzu mun yi boko."

Na wuce shago na sayi alƙalamin nan mai kaurin baki da ake ce wa maka, shuɗi. Duk wanda ya kawo hularsa sai in juya ta, in rubuta sunansa a ciki, a gabansa, a hankali, ina ɗan gyaran murya don na kusa su lura. Har Malama na kai wa ɗaya ta gani. Ta tafa hannu ta ce, "Kai, Mai Hula, ka gama mini komai! Wannan za mu nuna wa baƙuwa."

Matata Falmata ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta kawo mini abinci wurin aiki, ta leƙa cikin hulunan ta ce, "Ina zaren?"

Na ce, "Zamanin zare ya wuce."

Ta ce, "To, Farfesa. Allah ya ba da sa'a."

Ana jibi taro na zuba su duka a baho ɗaya, na sa sabulu, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar ruwan ya koma kalar sararin sama. Na ɗago hula ta farko, babu suna, sai wani shuɗin tabo kamar an murje ƙwaro. Na ɗago ta biyu, haka. Na zauna a kan gungume ina kallon bahon. Ni da na san kowace irin kala mai zuba a zaren hula, ban taɓa tambayar kaina ko rubutu ma yana zuba ba.

Mai hankali sai ya aika a kira masu hula, kowa ya zo a gwada kansa. Ni kunya ta hana ni. Na ɗauraye, na sake ɗaurayewa, har waje ya fita tas in ban da guda uku, na ce na cikin ba mai gani. Na sa sitaci, na kifa su a kan gumagumai da ka. Jiƙaƙƙiyar hula kuwa duk gungumen da ka ba ta shi za ta bi. Ranar taro na isa da su a keke ana dab da farawa, na miƙa wa kowa tasa da ƙarfin hali, kamar na sani.

Aka zauna a ƙarƙashin rumfa a filin makaranta, rana tana dukan tamfol. Daga inda nake ina hango aikina. Ta Alhaji Modu ta ɗare a ƙoƙon kansa kamar murfin kwano, ya danna ta da ƙarfi har jijiyar goshinsa ta fito. Ta Sakatare ta sauko ta zauna a kan kunnuwansa, yana karanta rahoton ayyuka yana tura ta baya da yatsa. Ya karanta yashe kwata, ya tura. Ya karanta katangar maƙabarta, ya tura. Kowa ya kau da kai, saboda akwai baƙi. Na fara cewa a raina ƙila Allah ya rufa asiri.

Sai Malama Rifkatu ta karɓi lasifika.

Ta ce, "Hajiya, ba zan cika ki da surutu ba. Ga ɗalibina can, ya zo bai san alif na boko ba. Yau duk hular da kike gani a kan shugabannin nan, da hannunsa ya rubuta sunan mai ita a ciki. Mai Hula, taso. Shugaba, don Allah cire taka a nuna mata."

Na taso. Alhaji Modu ya kama hular da hannu biyu ya ja, ta fita da ƙyar. Ya miƙa wa Hajiya. Amma ba wanda ya kalli hular. Kowa kansa yake kallo. Gumi ya jiƙa sitaci, sitaci ya saki abin da ya riƙe, ga shuɗi shimfiɗe a tsakiyar sanƙon, wani siririn layi yana gangarowa ta bayan kunne.

Hajiya ta juya hular ta leƙa ciki, ta ce, "Ban ga suna ba."

Wani daga baya ya ce, "Ki duba kan Shugaba, Hajiya, can ya koma!"

Shi ke nan. Mata suna riƙe ciki, 'yan ajinmu suna dukan benci. Sauran shugabanni kowa ya cire tasa yana shafa kai yana duba tafin hannu, duk shuɗi. Sakatare ya miƙa wa Alhaji Modu tasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin gidanka ne na shiga tun safe." Ni kuwa ina tsaye a tsakiya, na rasa inda zan ajiye idona. Abin da ya fi ci mini rai fuskar Malama ce. Ta ɗauko ni a matsayin hujja, na zame mata abin dariya, ga ɗakin aji yana shirin tafiya saboda burgata.

Da dariya ta lafa, Hajiya ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Malam, da gaske kai ka rubuta?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Ruwa ne ya karanta kafin ki zo."

Ta ce, "To ni ban gani ba. Akwai allo?"

Aka ɗauko allon ajinmu aka jingina da teburi. Malama ta sa mini alli a hannu, ta ce a hankali, "Kar ka yi sauri. Yadda ka saba." Na fara. Na rubuta sunan Alhaji Modu, harafi bayan harafi. Hajiya ta ce in rubuta na Malama, na rubuta. Ta ce in rubuta na matata. Da na gama sai na ji guɗa daga ɓangaren mata, na kuwa san muryar.

An bar mana ɗakin. Har yau muna shiga bayan la'asar, yanzu ma ni nake karanta wa Falmata saƙon waya. Alhaji Modu ya yi kwanaki yana gaishe ni da ka kawai, daga baya ya huce, sai dai duk hular da ya kawo yakan tsaya a kaina har ya ga allura ta shiga. Na koyi cewa rubutu yana nan inda ka bar shi, in dai ba a cikin baho ka bar shi ba. Takarda tana da aikinta, zare yana da nasa.

Abin da na rasa a wannan harka: huluna uku da shuɗin ya fito ta waje, na saya wa masu su sababbi, masu kawo mini wanki biyu da suka koma wajen wani, maka guda ɗaya da Falmata ta jefa a murhu, sai sunana na Mai Hula. Yanzu daga bakin titi har gindin dogon yaro, Farfesa ake kira na.