Ranar da Na Zama Tafintan Fim Ɗin Chanis

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin abokina Nura a ƙauyenmu na bayan Minjibir, shekarar da masara ta gagari talaka. Babu halin ɗauko makaɗa, sai mu abokan ango muka ce bayan la'asar a kunna fim a zaure. Aka aro talabijin, aka tsiyayo fetur daga injin ban-ruwan baban ango aka zuba wa janareta, ni kuma na kawo wani fim ɗin Chanis da aka tura mini a kasuwa, ko dubawa ban yi ba.

Na taɓa yin dakon riɗi wata biyu a Dawanau wajen wani ɗan Chana, na dawo ina cika baki wai ina jin yarensu. (Gaisuwa kaɗai na iya, ita ma in na yi sai mutumin ya yi ta dariya.) Nan take aka naɗa ni tafinta. Ban damu ba. Fim ɗin Chanis ai duka ne, wa zai tsaya sauraron magana?

Ashe ko mari babu a ciki. Wani bawan Allah ne shi kaɗai a ɗaki, ya ci taliya, ya leƙa taga, ya kira wata a waya ta ƙi ɗauka.

Can sai wani cikin 'yan kallo ya ce, "Malam tafinta, me yake cewa? Yaushe za a fara faɗan?"

Dole na fara ƙirƙira. To, a lokacin wata uku ke nan da budurwata Hajara ta gaji da jiran lefe ta ce in kama gabana, amma na bi gari ina cewa ni na fasa, ko a jikina. Da jarumin ya tsaya a ƙofar gidan yarinyar ruwa na dukansa, sai bakina ya ƙwace mini.

"Cewa yake, kullum sai na bi ta bayan gidanku kamar zan je gona. Tun da kika tafi tuwo ba ya shiga. Gero ne bai yi ba, ki ƙara mini damina ɗaya, Hajara..."

Sani, yayan Hajara, yana zaune a sahun gaba, ya juyo a hankali ya dube ni.

"Ikon Allah. Ashe har Chana ƙanwata ta yi suna."

Aka kece da dariya, ango har da faɗuwa daga benci. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin magariba zance ya isa cikin gida wajen mata, Hajara ta aiko a ce wa tafinta don Allah ya riƙa cin tuwonsa. Wallahi wannan tausayin ya fi dariyar ciwo.

Tun daga ranar na gane, in har mutum sai ya yi ƙarya, ya tsaya a guda ɗaya. Ni na haɗa biyu, ɗaya ta tona wa 'yar'uwarta asiri.