Jatau da Ɗorawar Lantana

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani mutum mai suna Jatau, wanda duk abin da aka gaya masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Gidansa su uku ne: shi, da matarsa Lantana mai daddawa, da jakinsu. Lantana ta zo da kalwa daga tsohuwar ɗorawar mahaifiyarta, ta shuka goma sha biyu a gefen gonar gandu. Shekara biyu ba su wuce gwiwa ba, ganyensu duk ya yi rawaya. Mamuda, yayan Jatau, ya ce in damina ta tsaya ba su farfaɗo ba, zai sa garma ya shuka masara.

Wata rana Lantana ta ce, "Maigida, kai wa malamin gona ƙasar wurin nan ya duba mana." Jatau ya haƙe kewayen kowane dashe, ya yi sawu tara da jaki, ya jibge a ƙofar malamin gona, Malam Ishaku, har ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ta taga malam ya fito.

"Jatau, ai tafin hannu ɗaya ya isa."

"Ba ta ce tafin hannu ba, Malam. Da saura ma."

Da malam ya gwada ƙasar sai ya ce ta yi tsami, takin zamanin da Mamuda ya yi shekara da shekaru yana zubawa ne ya jawo. Ya ce akwai wasu zarurruka masu rai, dangin naman kaza, sun fi saƙar gizo siranta. Su ke manne wa saiwa suna jawo mata abincin da ke sa ganye kore. In tsami ya yi yawa sai su raunana, itace ya zauna da yunwa.

"A sa musu toka," in ji shi, "kaɗan, kamar yadda ake sa gishiri a miya."

Wata rana da hantsi Lantana ta iske mijinta durƙushe a gona da ludayinta. Ya barbaɗa toka da yatsa uku, ya juya, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Lantana, har yanzu bai ji ba."

Ta yi dariya har da hawaye, ta sa bakin zanenta ta share masa gemu.

Wata rana Mamuda ya zo ya tsaya kan ramukan da ƙanensa ya bari. "To, sarkin noma, ka ma rage mini aiki. Ruwa ya sauka sau uku, garma za ta shiga." Da ya tafi, Lantana ta zauna tana shafa ganyen ɗaya. Ta ce, ba da kowa take ba, "Marayu ne. Ba abin da suke so sai ƙasar uwarsu."

Washegari ba Jatau ba jaki. Kwana huɗu ana cigiya. Ran na biyar sai ga shi ƙafa duk faso, jaki na nishi da buhu biyu. Garin su Lantana ya je, ya tono baƙar ƙasa daga gindin tsohuwar ɗorawar, da ruɓaɓɓen ganye da guntayen saiwa. Ya bi ramukan nan ya cike, yana ce wa kowane dashe, "Ga shi, in ji uwarku." Mutanen gari suka sha dariya.

Ruwa ya sauka. Kafin Mamuda ya gama noman ƙasan gona, tara daga cikinsu sun fitar da sabon toho kore shar. Malam Ishaku ya zo, ya damƙi ƙasar ya sansana. Ya ce wannan ba ta san takin zamani ba, ba ta da tsami, kuma zarurrukan nan a raye suka zo cikinta. "Da kun sake tambayata, abin da zan ce ku yi ke nan." Mamuda ya kaɗa shanunsa ya kewaye wurin.

Da yamma Lantana ta shimfiɗa tabarma a bakin gonar, ta ajiye wa Jatau fura mai sanyi, ta shafa masa man kaɗanya a fason ƙafarsa. Godiyar da ke ranta ta fi ƙarfin baki, sai kawai ta ce, "Maigida, zauna nan kusa da ni har su yi 'ya'ya."

Jatau ya gyara zama. Ɗorawa kuwa takan shekara takwas ba ta yi 'ya'ya ba, kuma Lantana ta san haka sarai.